Satar Talabijin a Gidan Gogo

"Ba zan canza ba," na ce wa Suhaib.

Yana tsaye a zaure da rimot a hannu, a gaban bangon da aka ciro talabijin ɗinmu, inda babu abin da ya rage sai ƙusoshi da wayar wuta tana lilo. Shi ne ɗan mai gidan da muke haya, kuma umarninsa ba shi da wuya: in canza kalmar sirrin akawun ɗinmu na kallon fina-finai, in fitar da duk na'urar da ke ciki, kada ɓarawo ya sace mana kaya kuma ya riƙa kallo a aljihunmu. Mutanen gida duk suka ce gaskiya ne. Na ce musu muddin akawun ɗin yana cikin talabijin, to igiya ce a ƙafar ɓarawo, kuma ba ni zan tsinke ta ba. Suhaib ya ce an riga an kama ɓarawo. Na ce an dai kama Absalom.

Ni ce Nahla. Na karanci kwamfuta a jami'a, ban samu aikin ofis ba, ina gyaran wayoyi a wani shago a kasuwar Jimeta. Mahaifina mai bin sawu ne cikin maharban Mubi, kuma a shekarar da 'yan bindiga suka ci garin aka kashe shi. Ni da Innata muka iso Yola a bayan motar shanu. Gogo, mahaifiyar Suhaib, bazawarar da ke da wannan gida a Nassarawo, ita ta buɗe mana ƙofa lokacin da wasu ke rufe tasu. Haka ta buɗe wa Absalom, wanda ya tsero daga daji ba ko takalmi bayan 'yan bindigar sun sace shi daga Michika. Yanzu keken haya mai ƙafa uku yake tuƙawa, ɗakinsa na jikin zaure, kuma makullin zauren yana hannunsa.

Talabijin ɗin na mu duka ne. A da kowa yana kallo a wayarsa da kalmar sirrin wani ɗan'uwa da ke Legas ko Abuja. Sai kamfanin ya ƙara farashi, ya sake ƙarawa, daga baya ya hana raba akawun sai ga mutanen gida ɗaya. Ni na kawo shawarar mu haɗa hannu mu sayi babban talabijin da akwatin intanet, mu kafa a zaure, mu zama gida ɗaya a idon kamfanin. Na yi wa kowane ɗaki hoton fuskarsa da sunansa a allon shiga. Fulani da Ibo da mu 'yan gudun hijira, kamfanin ya yarda gida ɗaya ne mu. Mu ma har mun fara yarda.

Ranar Juma'a gidan ya watse, kowa ya tafi Yola Gari yinin bikin Munirat, marainiyar da Gogo ta riƙe, 'yar ƙaninta. Safiyar Asabar, dangin ango mata suna zaune a tsakar gida sun zo godiya, Goretti, wata 'yar Ibo da ke haya tare da mu, ta shiga zaure ta ga bango tsirara, ta kurma ihu. Kafin a yi haka layi ya cika. Mai shayin bakin titi ya ce ya ga Absalom yana saka wani abu mai faɗi a keke, an naɗe shi da zanin gado. Shi ke nan. Wani ya tuna cewa ai mutumin ya zauna da mutanen daji, wa ya san abin da ya koyo. 'Yan banga suka tafi da shi leɓensa a fashe.

*

Ofishin 'yan banga ɗaki ne na langa-langa a bayan makarantar firamare. Shugabansu Hamajoɗa tsohon maharbi ne, ya san mahaifina, shi ya sa ya bar ni na zauna a bencinsa maimakon ya kore ni. Ya gaya mini Absalom bai ce ya ɗauka ba, bai ce bai ɗauka ba. Ya ce zai riƙe shi zuwa Juma'a, in kaya ba su fito ba zai miƙa shi ga 'yan sanda.

"Kin san kuma ba a kan sata maganar za ta tsaya ba," ya ce. "Da zarar sun ji inda ya zauna, sojoji za su karɓe shi. Waɗanda aka tafi da su haka, ban ga da yawa sun dawo ba."

Na ce, Bappa, ka san ba shi ba ne. Ya ce sani ba shi ne aikinsa ba, in kawo masa sawu.

Absalom yana zaune a ƙasa, bayansa a jikin langa-langa mai zafi. Na tambaye shi abin da ke cikin zanin gadon. Ya ce ranar Juma'a ya yi ta jigilar kayan biki, ba zai iya tuna kowane ba. Na ce masa mutumin da ke tuna lambar kowace keke a layinmu ba zai manta da kaya mai faɗin ƙofa ba. Ya kalli ƙafafunsa.

"Adda Nahla, ka bar shi," ya ce. Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya. "Na zauna a wurin da ya fi nan muni."

Na fito raina a ɓace, da shi na fi jin haushi.

*

Sawun ya bayyana da yammacin Asabar ɗin. A ƙarƙashin hoton kowane fim da aka fara kallo akwai wani jan layi da ke nuna inda aka tsaya, kuma ina iya ganinsa daga wayata. Layin da ke ƙarƙashin sunan Absalom ya motsa. Shi ba ya kallon komai sai shirin dabbobi, saboda ba ya iya jure ƙarar bindiga ko a fim. Shirin da ya bari na kifayen teku ne, kuma wani yana ci gaba da shi alhali mai shi yana kulle.

Da na nuna a gida, Suhaib ya ce to ga shaida, abokan satarsa ne, da sunansa ma suke shiga. Na bayyana musu cewa fuskar Absalom ce ta farko a jere, duk wanda ya danna rimot ba tare da ya duba ba cikinta zai faɗa. Ba wanda ya saurare ni. Wurin da kamfanin ya nuna na'urar take kuwa bai taimaka ba, Yola kawai aka rubuta, kuma a wurinsu Jimeta da Yola Gari da bakin Benuwai duk Yola ne. Sai ga saƙo ya shigo mini cewa sun lura talabijin ɗinmu ba ya gida, in bai dawo jikin akwatin intanet ɗinmu nan da 'yan kwanaki ba za su rufe shi. Dokar da ta haɗa mu ita ce za ta share mini sawun.

Na zauna ina kallon layin. Ba tafiyar mai kallo yake yi ba. Zai matsa kaɗan, kamar faɗin farce, ya tsaya. Bayan wani lokaci ya sake matsawa ya tsaya. Shirin da bai kai awa guda ba, an wuni ba a ci rabinsa ba. Mahaifina yakan fi daɗewa a inda dabba ta tsaya fiye da inda ta yi gudu, ni ma haka na yi. Wannan ba kallo ake yi ba. Kunnawa ake yi a nuna wa wani, a kashe.

Wa ke kunna talabijin ya nuna ya kashe? Mai sayarwa. Kuma mijin Goretti, Chiemela, kayan lantarki yake sayarwa a kasuwa.

*

Na yi kuskuren tambayar Goretti tukuna. Tana tsinke ganyen ugu a ƙofar ɗakinta, na tambaye ta ƙarfe nawa mijinta ya bar wurin biki. Ta ajiye tiren a hankali.

"Kai ya je makaranta, amma ba ka da kunya," ta ce. "Shekara nawa ina ba mamanka magani kyauta? Abeg, tashi a ƙofana."

Chiemela bai yi faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa zafi. Ranar Litinin ya rufe shagonsa, ya riƙe ni muka bi layin masu tsofaffin kaya rumfa bayan rumfa, yana gaya wa kowa ga 'yar gidansu da ke zarginsa, a buɗe mata ta duba. Suka buɗe suna dariya. Wani dattijo cikinsu ya ce mini ko ɓarawon da ya fara sata jiya ya san a goge talabijin kafin a kai shi kasuwa. Da muka gama Chiemela ya tambaye ni wace rana jan layin nawa ya fi motsi. Na duba na ce jiya, tun hantsi har magariba.

"Jiya Lahadi," ya ce. "Layin nan duka muna coci. Ko ɓera ba ya buɗe shago."

Na ba shi haƙuri a gaban mutane. Ya ce ya ji, bai ce ya haƙura ba.

*

A keke ina komawa gida nake ta juya maganar. Ba kasuwa ba ce. Wuri ne da mutane ke shigowa rukuni-rukuni, Lahadi ta fi cika, kowane rukuni a kunna masa ya gani, kuma ba wanda ya damu da abin da ke allon, ko kifi ne ko mutum. Wanda ya kai shi can bai goge shi ba domin ba sayarwa zai yi ba. Yana da niyyar ya dawo da shi yadda ya ɗauka.

Da na shiga gida na tarar da Innata tana ninke atamfar da ta ɗinka don zuwa ganin ɗakin amarya. Ta ce Gogo ta ce matan gida su dakata, sai hankali ya kwanta a je gaba ɗaya. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Gogon da ta shekara tana ba mu labarin gadon da ta yi wa Munirat oda, ita ce ke hana mu zuwa mu gani.

Duk macen da ta taɓa zuwa jere ta san abin da ba a faɗa. In kayan ɗaki ba su cika ba, ana aro. Kujera daga wurin wata, firiji daga wurin wata, a cika ɗaki ya yi kyau har dangin miji su gama zuwa kallo, daga baya a janye su a hankali a ce sun tafi gyara. Ba a ɗauke shi laifi ba. Abin kunyar kawai a gane.

*

Washegari na ɗauki turmin atamfa na tafi unguwar Adarawo a Yola Gari ni kaɗai. Gidan mijin Munirat babba ne, irin na tsofaffin ma'aikata, kuma ko a ranar Talata akwai takalma a ƙofar ɗakinta. Wasu gwaggwannin ango ne su uku, suna taɓa labule suna buɗe kwaba. Munirat ta rungume ni da murna ta gaske. Talabijin ɗin yana bango, an ɗaura masa jan ƙyalle a kusurwa.

Ban ma roƙa ba. Ɗaya daga cikin matan ta ce a kunna su gani ko hoton yana da kyau. Ƙanwar ango ta haɗa shi da datar wayarta, ta danna. Kafin ta sake dannawa allon shiga ya fito, fuskokin nan da na zaɓa da hannuna: Absalom, Chiemela, Gogo, Nahla. Na ɗauki hoto kamar mai sha'awar ɗaki. Kifaye suka fito, matan suka ce tubarkalla, aka kashe.

Munirat ta ga fuskata. Ta ja ni uwar ɗaka ta rufe ƙofa. Ta ce ta san na gidanmu ne tun ranar farko, Gogo ta ce mutanen gida ne suka ba da aro da yardarsu. Ba ta san an kama kowa ba. Da na gaya mata inda Absalom yake sai ta zauna a bakin gado, lallenta ko gogewa bai fara ba.

"Adda, ki ba ni zuwa Lahadi," ta ce. "Uwar mijina ta riga ta kira shi talabijin ɗin 'yar gata. In ta ji na 'yan haya ne, har in mutu da shi za a riƙa kirana a gidan nan."

Na ce mata Juma'a za ta riga Lahadi zuwa.

*

Gogo na same ta a kan darduma bayan la'asar. Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ba ni labarin da muryar da ba ta rawa: wanda ta ba kuɗin talabijin ɗin amarya ya ce kaya sun tashi, abin da ta bayar ba zai saya ba, ga jere washegari. Ta kasa buɗe baki ta roƙi 'yan hayarta. Ta sa Absalom ya kai, ta ce ya rufa mata asiri, da niyyar ta ce mana ya tafi gyara. Sai Goretti ta yi ihu a gaban surukai.

"Me kike so in ce a lokacin?" ta tambaye ni. "Suna zaune a tabarmata."

Na ce to bayan sun tafi fa.

Suhaib ya shigo, kuma a nan na gane ya san komai tun ranar da ya ba ni umarni. Ya zo da mafita a shirye. Ranar Alhamis za a tsinci talabijin a ƙofar gida. Za a ce Absalom ya faɗi inda ya ɓoye, Gogo ta yafe masa saboda Allah, Hamajoɗa ya sake shi. Ba 'yan sanda, ba sojoji, ba wanda ya ji kunya. Ya ce shi kansa Absalom ya amince.

Na tambaye shi wa zai sake hawa keken ɓarawo a Nassarawo. Wa zai bar shi ya ɗauki yaransa zuwa makaranta. Kuma in an yi wata sata a layin nan badi, ƙofar wa za a fara bugawa, kuma wa zai tsaya masa a lokacin. Suhaib ya ce wannan ba matsalata ba ce.

Gogo ta ɗago. "Ɓingel am," ta ce, wato 'yata, kamar yadda take kirana tun ina yarinya. "Da kuka zo gidan nan, ke da uwarki, zanina kika ɗaura. Ban taɓa tuna miki ba sai yau."

Na ce ban manta ba, Gogo. Na ce ta faɗa da bakinta kafin Alhamis, in ba haka ba ni zan faɗa.

*

Ba ta faɗa ba. Ranar Alhamis da hantsi na roƙi Hamajoɗa ya zo da Absalom zauren, na tara mutanen gida, mai shayi ma ya bar teburinsa ya zo. Innata ta riƙe mini gefen hijabi tana cewa in tuna inda za mu kwana. Na zare hannunta.

Na faɗi yadda layin ke tafiya yana tsayawa, na faɗi kuskuren da na yi wa Chiemela, na faɗi Lahadi. Sannan na miƙa wa Hamajoɗa wayar. Ya kalli hoton, ya kalli jan ƙyallen da labulen amarya, ya miƙa wa na kusa da shi. Wayar ta zaga zauren hannu zuwa hannu. Da ta iso hannun Goretti sai ta kalli Gogo ta ce da an tambaye ta, da ita da kanta za ta goge shi ta kai.

Hamajoɗa ya tambayi Absalom ko haka ne. Absalom ya dubi Gogo, ba ni ba. Gogo ta gyara mayafinta ta ce, "Ni na aike shi." Ta tashi ta shiga ciki, ba ta jingina da kowa ba.

Hamajoɗa ya kwance igiyar da aka ɗaure Absalom da ita da hannunsa. Mai shayi ya ce ai shi abin da ya gani kawai ya faɗa. Waɗanda suka fasa wa Absalom leɓe ba ko ɗaya da ya zo. Da Absalom zai wuce ni zuwa ɗakinsa sai ya tsaya.

"Ita ya ba ni abinci lokacin da ba ni da suna," ya ce. "Ni na zaɓa in zauna. Wa ya aike ka?"

*

Kafin talabijin ya bar Adarawo, labari ya riga ya isa can. An dawo da shi da rana tsaka, ba zanin gado, yara na bin keken. Na ji cewa a gidan mijinta yanzu Munirat ba ta fitowa tsakar gida in akwai baƙi. Aka mayar da talabijin bango, amma ba wanda ya sake zama a zauren. Wata ya ƙare, kamfanin ya sake ƙara farashi, ba wanda ya kawo nasa kason, akawun ya mutu. Suka aiko mini da saƙo mai ladabi cewa suna kewar gidanmu.

Gogo ba ta yi mini faɗa ba. Suhaib ne ya zo ya ce za a gyara ɗakinmu, mu nemi wani wuri. Yanzu muna Jambutu, ɗaki ɗaya da ke yoyo, kusa da injin niƙa. Absalom yana tuƙa kekensa, iyaye suna ba shi yaransu, kuma in ya gan ni a bakin titi sai ya kalli gaba. Goretti tana amsa gaisuwata da ka. Innata ta daina zuwa biki a Nassarawo saboda abin da ake kirana a can, butulu, kuma wani lokacin in tana tsammanin ba na ji, ita ma haka take faɗa.

Da za a mayar da ni zauren nan, hoton zan sake miƙawa. Absalom yana raye, sunansa ba na ɓarawo ba ne. Abin da na biya shi ne gidan da na girma a ciki, da matar da ta ɗaura mini zaninta, da zaman lafiyar wata amarya da ba ta yi mini komai ba, da fuskar uwata. Ba wanda ya ce mini na gode, kuma na daina jira.